Saniya Ta Bar Layi, Kyanwa Ta Shigo

A harabar asibitin dabbobin da ke kusa da unguwarmu a Kano akwai wani dogon shinge na ƙarfe mai ƙunci, wanda aka yi don a riƙa kora shanu ciki ɗaya bayan ɗaya ana yi musu allura. Duk yaron da ya tashi a wajen ya san shi, domin a kansa muke lilo idan ma'aikata sun tashi. Yanzu tsatsa ta ci shi, tafasa ta fito a tsakiyarsa, maigadi ya mayar da shi wurin shanya. Asibitin kuwa bai mutu ba, a cike yake, wataƙila ma ya fi da cika. Masu zuwan ne suka sake. A kan bencin jira za ka tarar da budurwa rungume da kwandon roba, kyanwa mai dogon gashi tana leƙe daga ciki. Gefenta saurayi ne riƙe da sarƙar ƙaton kare ɗan waje. Ga yaro da tattabaru a kwalin taliya da ya huda wa ƙofofin iska, ga mai gidan kaji da mushe biyu a leda yana so a fede a gaya masa abin da ke kashe masa jari. Can ƙarshen benci sai dattijo da ragonsa, yana kallon kowa da mamaki.

Da ba haka wurin yake ba. Tun daga bakin titi warin kashin shanu da na Izal ke tarbarka. Da sanyin safiya Fulani sun iso da malafa da sanda a kafaɗa, ƙura ta tashi, maruƙa suna kuka. A cikin ɗaki ana tafasa manyan sirinjoji na ƙarfe a kan risho, domin a lokacin ba a yar da allura, wanke ta ake yi a sake amfani da ita. Malamin dabbobi yana sanye da kaki, aljihunsa cike da alli da igiya, muryarsa ta dushe saboda ihun kora. In rani ya yi sai ya ɗaure akwatin magani a bayan babur ya nufi ruga, ya kwana can, ya dawo da ƙwaryar nono da kaska a ƙafar wando.

Saniya ce ta gina asibitin dabbobi a ƙasar nan, kuma tsoro ne ya sa aka gina shi. Annobar bushiya da ta ratsa Afirka wajen shekarar 1890 ta share garkunan Fulani har wasu masu dukiya suka wayi gari ba su da ko maraƙi. Saboda ita Turawa suka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, a 1924. A 1962 aka fara wani gagarumin gangamin rigakafi na haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, ana yi wa shanu allura kyauta ana huda musu kunne don a gane waɗanda aka yi wa. Makiyaya da yawa sun riƙa ɓoye rabin garke a daji, domin a wurinsu duk wanda ya zo ƙirga shanu ɗan aiken jangali ne, ko da sirinji ne a hannunsa. Da aka yi sake cutar ta dawo da ƙarfi a 1983. Sai a 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya, cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa kawarwa bayan agana. Waɗancan ma'aikata masu kaki da dusasshiyar murya suna da kaso a wannan nasara, ko da yake ba a rubuta sunan kowa a cikinsu a bango ba.

A wancan zamanin dabbar da ake kaiwa asibiti ita ce mai farashi a kasuwa: saniya, rago, jaki, sai doki. Kyanwa da kare ba sa cikin lissafi. Ba don ba a son su ba. Kusan kowane gida da kyanwarsa, tana gadin rumbu da ɗakin girki, ana ajiye mata ƙanzo da kan kifi. Kakata ba ta yarda a doki kyanwa a gabanta, takan tuna mana da matar nan da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha, ta kuma ce ai sahabi guda da kyanwa aka yi masa alkunya. Amma in kyanwar ta kwanta ciwo, iyakacin abin da za a yi shi ne a tura mata ruwa a kasko a ce Allah ya ba ta lafiya. Ta tashi, alhamdulillahi. Ta mutu, a sa almajiri ya kai ta juji, kafin wata ya zagayo wata ta maye gurbinta. Da a lokacin mutum ya ɗauki mage ya nufi asibiti, da unguwa ta yi mako guda tana labarinsa.

Kare kuwa ya fi shan wuya. Malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki jikin kare mai rai najasa ba, kuma an yarda a ajiye shi don farauta ko kiwo ko tsaron gona, amma a bakin titi wannan fatawa ba ta taɓa kare shi daga jifa ba. Mafarauci ne kaɗai ke ganin darajarsa. Shi ne zai ɗinke masa ciki in gyado ya farke shi, ya ba shi nasa rabon naman, ya yi kwana uku ba walwala in ya mutu.

Magani a gida yake. Dattawa sun san ɓawon maɗaci a jiƙa wa tunkiya mai tsutsar ciki, sun san kanwa ga doki da saniya, sun san toka ga kaza mai ƙuma, da gautan kaji da barkono a ruwan sha in hunturu ya kawo ciwon da ke sa kaji barci a tsaye. Na ga kakata tana ceton akuyar da ta ci sabon tohon dawa cikinta ya kumbura ya yi tauri. Ta sa aka riƙe mata ƙafafun gaba aka ɗaga, ta matse muƙamuƙin akuyar da yatsu biyu, ta ɗura mata man gyaɗa da ludayi a hankali, sannan ta sa ƙaramin kara a bakinta ta ɗaure ta baya don ta yi ta tauna. Ta zauna tana murza mata cikin ta ɓangaren hagu, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, har akuyar ta yi wata doguwar gyatsa mai wari da ta sa muka watse da dariya. Likitocin yau ma ba su ƙi wannan dabara ba, sun san mai yana fasa kumfar da ke toshe tumbi. Wannan ilimi ne na gaske, an same shi da ido da haƙuri da asarar awaki masu yawa.

Sai dai duk mai son gaskiya ya faɗi ɗaya rabin. Hannun da ya san maɗaci shi ne ke yi wa dabba lalas da jan ƙarfe a kan kowane kumburi, ko ya dace ko bai dace ba. Ana dandaƙe bunsuru da gungume yana ihu har muryarsa ta ƙare, ba wanda ya san akwai allurar kashe zafi. Ana shafa wa kare mai ƙazuwa baƙin man mota, fata ta ƙone, ya lashe ya ƙara cutuwa. Kaji kuma duk da barkonon sukan ƙare ƙaf a hunturu ɗaya, a ce iska ce. Babban magani na ƙarshe wuƙa ce. Dabba ta kwanta kwana biyu, sai ka ji an ce a kira mahauci kafin ta zama mushe, a sayar da naman da rahusa, wani lokaci a raba wa unguwa cutar tare da tsoka. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, haka aka ce, kuma a kan wannan aka zauna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wancan zamanin shi ne ihun “mahaukacin kare!” Da an ji shi sai iyaye mata su janye yara cikin zaure, samari su fito da gora da duwatsu, a bi shi lungu-lungu har a kashe. Wanda ya ciza kuwa sai a yi masa tofi, a shafa garin magani, rauni ya warke, kowa ya manta. Bayan makonni ko watanni sai a ji yaron wane ba ya iya haɗiyar ruwa, yana firgita da iska, a ce sammu ne ko aljanu. Ba a cika haɗa mutuwar da cizon ba. Yau mun san cewa da zarar alamun cutar haukan kare sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, yara ne kaso mai yawa a cikinsu, kuma kusan dukkansu daga cizon kare ne. Mun kuma san abin da ke hana ta: a wanke raunin nan take da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a fara allura, a kuma yi wa karnuka rigakafi tun suna wata uku. Ko da wannan kaɗai zamani ya kawo, ya isa a gode masa.

Kuma ba shi kaɗai ya kawo ba. Tun daga shekarun 1960 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take horar da likitocin dabbobi, daga baya Maiduguri da Sakkwato suka bi sahu. 'Ya'yanmu ne, har da mata masu hijabi da farar riga a sama, suna jin Hausa suna kuma jin ciwon dabba. A teburin ƙarfen da ke ɗakin duba marasa lafiya ana auna zafin jiki, ana ɗibar jini a duba a madubin likita, ana yi wa ɗan kwikwiyo mai gudawar jini ƙarin ruwa har ya miƙe. Ana yi wa kyanwa tiyatar hana haihuwa tana barci, maimakon a riƙa zuba 'ya'yanta a buhu ana kaiwa bayan gari. Kowace dabba da katinta, da sunanta a rubuce, da ranar da za a dawo da ita.

Na taɓa ganin dattijon nan mai rago, ko wani irinsa, ya kasa haƙuri ya juya ga budurwar da ke kusa da shi.

“'Yata, ita ma wannan layi take bi?”

“Eh, Baba. Tun shekaranjiya ba ta ci komai ba.”

“Ikon Allah. To nawa za ki kashe mata?”

“Ko nawa ne, Baba. Tun rasuwar mahaifiyata ita ce ke kwana a ɗakina.”

Dattijon ya yi shiru, ya gyara igiyar ragonsa, can ya ce, “Allah ya ba ta lafiya.” Da aka kira su ciki, tambayar farko da likita ta yi ita ce, “Hajiya, me kika ba ta kafin ki kawo ta?” Budurwar ta ce rabin ƙwayar Panadol kawai. Likitar ta ɗaga leɓen kyanwar ta duba dasashi, fuskarta ta canza. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani, ɗan ƙaramin gutsure yana iya lalata mata jini ya kashe ta. Abin da ke sauke wa yaro zazzaɓi guba ne a gare ta. Ƙauna ta ƙaru, amma sani bai biyo ta da sauri ɗaya ba, kuma yawancin abin da likitocin birni ke fama da shi ke nan: dabbar da aka so har aka cutar.

Zamani ya zo da nasa cututtukan. Akuyar birni ba ta samun tohon dawa balle ya kumbura mata ciki, leda take ci a bola. Sai ka ga tunkiya tana ramewa alhali cikinta tulu guda, mai ita ya ɗauka juna biyu gare ta, ya yi ta jira. In aka kai ta asibiti aka buɗe tumbin, sai a zaro dunƙulen ledar ruwa da ta shinkafa da igiyar buhu, sun murɗe sun yi tauri sun cika roba. Ba maɗacin da zai fitar da wannan, sai wuƙar likita da zare. Karen bana shi ke maganin zomon bana. Haka nan kyanwar Farisa da aka halitta da gashin ƙasar sanyi, aka kawo ta Kano ta sha zafin watan Afrilu a ɗakin da ba wuta, gashi ya cukurkuɗe, ƙuma ta samu gida, hancinta gajere numfashi yana yi mata wuya. Wasu sun saye ta ne saboda sun gani a TikTok. In wahalar ta fi ƙarfinsu, ko kuɗin abincin gwangwani ya gagara, sai a buɗe mata ƙofa, ita kuwa ko ɓera ba ta iya kamawa ba.

Babbar asarar dai tana can inda ba a gani daga bencin jira. Tun da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya rage hannun gwamnati a harkokin jama'a, magani da allura suka koma na mai kuɗi. Babur ɗin da ke zuwa ruga ya ragu, birni ya cinye makiyaya da burtali, ɓarayin shanu sun mayar da dazuzzuka da yawa wurin da ma'aikaci ba ya shiga. Likita ma mutum ne da iyali, dole ya zauna inda gidajen kaji da masu karnukan gadi suke, domin su ke iya biya. Gurbin da ya bari masu tallar magani a kasuwannin ƙauye suka cike shi. Kwalabe suna shan rana a kan tabarma, wasu kwanansu ya wuce, wasu jabu ne, kowa ya zama likitan garkensa. Ana danna wa saniya allurar kashe ƙwayoyin cuta yau, gobe a tatse ta a kai nonon kasuwa, ba wanda ya san akwai kwanakin da ya kamata a jira maganin ya fita daga jikinta. A hankali ƙwayoyin cutar suna sabawa da maganin, a jikinta da a jikin wanda ya sha furar. Cututtukan shanu irin su sammore da ciwon huhu da boru kuwa suna nan, ba su bi bushiya ba. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo. Makiyayi zai yarda da ita ranar da ya ga ma'aikacinta a bakin rugarsa da akwatin allura mai sanyi.

A gida ma an yi rashi. Matashin da ya haddace sunayen abincin kyanwa na kanti bai iya buɗe bakin rago ya gane shekarunsa daga haƙora ba, bai san a ja fatar ido a duba ko jini ya ragu ba. Tsofaffin da suka san waɗannan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya zauna ya tace iliminsu, ya riƙe mai amfani ya zubar da mai cutarwa. Gaba ɗaya aka tattara aka ce duhun kai ne, sannan aka koma tambayar waya.

Akwai masu cewa abin kunya ne a yi wa mage ƙarin ruwa a garin da mace mai naƙuda ke rasa kuɗin jini. Maganar tana da nauyi, bai kamata a yi mata dariya ba. Amma kashe kuɗi a kan dabbar da ake so ba yau aka fara ba. Dokin hawan Sallah ya daɗe yana cin gero da kanwa da harawa mai kyau, yana da mai yi masa wanka da mai kwana a bargarsa, ba a taɓa cewa baƙuwar al'ada ce ba. 'Yan tattabara sun daɗe suna hana kansu abincin rana don su sayi dawa. Abin da ya sauya shi ne irin dabbar da irin mai ita: yanzu har da yarinyar da ke zaune a gidan da ba kaka ba kishiyar uwa ba 'yan ɗaki, gidan da aka kewaye da dogon gini, inda kyanwa ce kawai mai motsi idan kowa ya fita. Tausayin da take yi wa dabbarta bai rage wa mai naƙuda komai ba. Wanda ya hana asibitin mutane jini da magani daban ne, kuma an san inda za a neme shi. Ban da haka, lafiyar mutum da ta dabba a ƙwarya ɗaya suke sha. Tarin fuka da bakkale suna bin ɗanyen nono, murar tsuntsayen da ta ɓulla a jihar Kaduna a farkon 2006 ta nuna mana cewa ciwon kaji yana iya hana ƙasa barci.

Inda nake ganin gyara shi ne wajen rabon tausayin. Yau kyanwar waje tana da kati da suna, kyanwar gida mai kama ɓera har yanzu ruwa a kasko ne rabonta. Karen gidan mai kuɗi ana yi masa allura duk shekara, alhali ba ya fita ko ƙofar gida. Wanda ke cizon yara a hanyar makarantar allo shi ne karen bola da karen farauta, su kuwa ba mai kai su. Masana sun ce sai an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi kafin cutar hauka ta daina yawo a cikinsa. Wannan lissafi ba ya cika da karnukan masu hali kaɗai. A ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara, ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, akan yi allurar kyauta a wasu garuruwa, mafarauta su zo da karnuka biyar-biyar a igiya ɗaya su tsaya layi tare da masu sarƙa. Rana ɗaya a shekara ba ta isa ba.

Mutanen da sun iya kai allura har inda dabba take, kyauta, ba tare da tambayar ko ta waye ce ba, amma ba su damu da zafin da take ji ba. Mu mun koyi jin zafinta, mun ba ta suna, sai muka bar allurar ga wanda ya iya biya. Ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. Ƙasar da ta kori bushiya da babur da sirinjin ƙarfe, a lokacin da ba waya ba firjin sola, ba ta da hujjar barin akuyar bazawara ta mutu da leda a ciki, ko yaro ya mutu da cizon karen da allura guda za ta tsare.